Baba Sale Ya Kwance Min Injin Ban Ruwa

Jama'a, yau taimako ya kashe ni!

Injin ban ruwan da na saya a gwanjon intanet ya iso, ko tari bai yi ba. Na kai ƙara a manhajar gwanjon. Suka ce in mayar musu, kar a taɓa ko noti ɗaya, su dawo da kuɗina.

Na bar injin a zaure, na leƙa garin Gwaram kai wasu kaya. Ina dawowa na tarar da maƙwabcina Baba Sale, tsohon bakanike, ya baje injin a tabarma!

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Haba Alhaji, ina raye za ka mayar da inji Legas?"

Masu gwanjon suka nemi hoton injin, na tura. Nan take suka rufe ƙarar.

Injin bai tashi ba, Baba kuma yana zaure yana jiran godiya.