Barkonon da Muka Shanya a Filin Saukar Jirgi

Edita, sallama gare ka da masu karanta wannan shafi. Ba zan faɗi sunana ko na ƙauyenmu ba, ko da yake duk mutumin wajenmu da ya karanta layi uku zai gane ni. Lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ina noma gero da wake da ɗan barkono a gonar gado, in kaka ta yi in kai abin da ya samu kasuwar Dawanau. Ni mutum ne mai kunya, irin kunyar banzar nan da in babba ya buɗe baki sai jikina ya yi sanyi, ko da kuwa abin da yake faɗa shirme ne. Mutanen gari suna yabona da ita, suna cewa wane ba ya musu da manya. Ni kuma ina jin daɗin yabon, kaina yana kumbura.

Da 'yan bindiga suka fara tsallakowa yankinmu suna kwashe shanu da mutane, sai aka kawo sojoji suka kafa sansani a bakin gari. A gefen sansanin, ta wajen gonaki, suka daddale wani fili da kankare, suka zana babban harafi da farin fenti a tsakiya, suka kafa sanda mai wani ƙyalle kamar hannun riga wanda yake nuna inda iska ta nufa. Nan ne jirgi mai saukar ungulu yake sauka, ya kawo musu kaya, ya kwashi waɗanda aka harba zuwa asibiti a birni. Suka kewaye filin da waya, ƙofa ɗaya ta cikin sansani, ɗaya ta wajen gari. Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, mafarauci ne tun yana saurayi, sai ya shiga 'yan sa-kai yana yi wa sojoji jagora a daji. Shi ya yi mini hanya aka ɗauke ni aikin sharar filin, aka danƙa mini makullin ƙofar waje. Abokai suka laƙaba mini suna mai sharar jirgi, ni ma ina taya su dariya.

Sajen da ya koya mini aikin bai rage mini komai a duhu ba. Ya zaga da ni filin, ya tsinci leda ɗaya ya nuna mini, ya ce iskar farfelar jirgin tana ɗaga duk abin da ba a kafe yake ba, kuma leda ko tsumma in ya shiga inji zai iya kayar da jirgi da mutanen cikinsa. Ya ce kada in bar kara, ko gwangwani, ko tsakuwa, kada akuya ta shiga, kada mutum ya shiga. Ya ce jirgi ba ya aiko da saƙo tun jiya, wani lokaci minti goma kawai ake samu. Sannan ya dube ni ya ce in tuna ƙanena yana cikin masu fita daji, wata rana filin nan shi zai yi wa amfani. Na ce na ji, kuma wallahi na ji ɗin. Ba zan ɓuya a bayan jahilci ba.

Sai kaka ta zo. Duk wanda ya san wajenmu ya san gona tana manne da gona, ba mu da filin banza, shi ya sa muke shanya a gefen kwalta. A shekarar sojoji suka hana, saboda motocinsu suna wucewa da gudu. Barkono ya nuna ja wur a gonaki, ana tsinka ana tarawa a ɗaki yana neman ruɓewa. A daidai lokacin kuma daji ya yi shiru, jirgi ya yi kusan wata guda bai zo ba, saje da yawancin sojojin sun tafi wani aiki nesa. Ga kankare a shimfiɗe, fes, ni da kaina nake share shi safe da yamma, rana tana dukansa ba kowa a kai. Sai baffana, yayan mahaifinmu, ya same ni a ƙofar masallaci a gaban mutane. Ya ce ashe daga riƙe tsintsiya har na zama soja. Ya ce ƙasar da aka zuba wa simintin nan gonar kakanmu ce, kuma kwana uku kawai yake nema, in an ji ƙarar jirgi ai naɗe tamfol ba aiki ba ne. Jama'a suka yi dariya, suka ce ai wane ba zai kunyata baffansa ba. Ban kunyata shi ba. Na buɗe ƙofa, kuma tunda an buɗe, na ce bari in shimfiɗa nawa ma. Cikin kwana biyu tamfol bakwai ne a filin, an danne gefunansu da duwatsu, harafin nan na tsakiya ko ganinsa ba a yi. Ragowar sojojin da ke sansani suna can ɗaya gefen, tantuna sun kare su, ba wanda ya leƙo.

Rana ta huɗu da hantsi ina gona ina roron wake na ji jiniyar motocin soja, jim kaɗan kuma na ji ƙarar jirgi daga kudu. Na yar da ƙwarya na sheƙa. Ina isowa na ga jirgin ya riga ya sauko ƙasa-ƙasa, iskarsa ta bugi filin. Duwatsun da muka danne tamfol da su suka yi ta gangarawa, tamfol ɗin baffa ya miƙe sama ya nufi farfela, matuƙin ya fizge jirgin ya koma sama da ƙyar. Busasshen barkono ya tashi ya turnuƙe wurin. Sojojin da suka fito da mutum biyu a kan gadon ɗaukar marasa lafiya suka durƙushe suna tari, idanunsu ba sa buɗuwa, dole suka juya da su cikin tanti. A wannan juyawar na hango ƙafar ɗaya daga cikinsu da takalmin roba da na sani. Ƙanena ne, an harbe shi a ciki. Ɗayan wani soja ne matashi, ɗan kudu, wanda yakan gaishe ni da Hausarsa mai ban dariya kullum da safe.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau in na tuna nake jin zuciyata tana tafasa. Jirgin yana shawagi a sama yana jira a gyara fili. Wani kofur yana ihu a kwashe komai a jefar bayan waya. Mutanen gari suka rugo ta ƙofar da na buɗe, na ɗauka taimako suka kawo. Ashe barkononsu suka zo ceto. Dattawa da gemu suka tsuguna suna tattarawa da hannu suna durawa a buhu, wannan yana cewa nasa ne, wancan yana cewa an haɗa masa da na wani. Na kama tsintsiya ina turawa cikin ƙasa, baffana ya riƙe mini hannu yana cewa in bi a hankali kada in ɓata masa da yashi. Na ce masa ɗan ƙanensa ne kwance a tanti jini yana zuba. Ya ce to ai yanzu za a gama. A ranar na fara ture babba a rayuwata, na hankaɗe shi ya faɗi zaune, amma na makara da kwana huɗu. Wani tamfol ya sarƙe a waya, wani ya naɗe a sandar iska, sai da sojoji suka kori mutane da gindin bindiga. Kafin fili ya gyaru, man jirgin ya yi ƙasa, ya juya ya tafi. Sai bayan azahar ya dawo. Ya tarar da sojan nan da sauran numfashi, daga baya na ji an yanke masa ƙafa. Ƙanena kuwa ya riga ya cika.

Sojoji suka tsare ni kwana biyar suna tambaya, kuma ban ga laifinsu ba. Suka tambayi su waye masu shanyar, duk garin aka rasa mutum ɗaya da zai ce da nasa a ciki. Tamfol bakwai suka zama marasa iyaye. Saje da ya dawo bai zage ni ba, bai taɓa ni ba, ya miƙo hannu kawai na ba shi makulli. Da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Likitansu ya ce ba zai iya rantsuwa cewa ƙanena zai rayu ba ko da an tafi da shi a kan lokaci, amma ya ga waɗanda suka fi shi rauni sun tashi. Da aka sake ni na dawo na tarar ana zaman makoki, mutanen nan dai su ne a kan tabarma suna jan carbi, kowa yana cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, ni Musulmi ne. Amma ban yarda mutum ya yi ɓarna da hannunsa sannan ya lulluɓe ta da sunan Allah ba. A wurin zaman nan na ji baffana da kunnena yana gaya wa wani cewa shi bana barkono bai yi masa rana ba. Tun daga ranar ban ƙara taka ƙofar gidansa ba. Ana cewa na yanke zumunci, a ce ɗin. Sai dai duk fushin da nake yi da su bai kai rabin wanda nake yi da kaina ba, domin su roƙo suka yi, ni ne mai makulli, ni ne kuma aka yi wa bayani dalla-dalla.

Abin da na koya shi ne kunyar da take hana ka cewa a'a a kan amana ba tarbiyya ba ce, tsoro ne. Ina kira ga duk wanda aka ba tsaron wani wuri, ko filin jirgi ne, ko ƙofar asibiti, ko hanyar motar kashe gobara, kada ya ga wurin shiru ya ɗauka ba shi da amfani. Zamansa babu kowa shi ne aikinsa. In babba ya matsa maka, ka ba shi haƙuri, ya yi fushi, ya kai ƙararka duk inda zai kai. Ran da abin ya ɓaci ba za ka gan shi kusa da kai ba.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarmu. Bayan jirgin ya tafi an bar ni na shiga tantin, ƙanena yana cikin hayyacinsa. Ya ce ya ji jirgi ya zo, ya ji kuma ya koma, ya tambaye ni abin da ya hana shi sauka, tunda ya san yayansa ne mai kula da filin. Hannuna yana cikin nasa, na dubi idonsa na ce masa ban sani ba. Ya gyaɗa kai, ya yarda da ni.