Furar da Ta Ture

Rahina mai fura na satar kallon wata mai ciki a bencin asibitin Mayahi. 'Yar mitsitsiya ce, ƙafafunta ko ƙasa ba su taɓawa. Ludayi biyu ta sha, ta ture ƙwaryar furar. Rahina ta gane: an tsorata ta a ƙauye cewa in tana ƙoshi, ɗan zai yi ƙato ya ƙi fita.

"Shanye, ƙanwata! Ban fi ki tsawo ba, amma 'ya'yana shida."

"Duka da kanki kika haifa?"

Rahina ta dafa mararta. "Ɗaya sai da aka yi mini aiki. Ga shi can, yana lodin gero."

Matar ta daɗe tana kallon saurayin, sannan ta jawo ƙwaryar.