Jinin Sa Ɗaya a Kwalba Goma Sha Biyu

Ni mahauci ne, karatuna bai wuce firamare ba. 'Yar yayata kuwa ta yi karatu har ta zama dokta a jami'a, tana bincike kan sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Damuwarta a lokacin ita ce, allurar da aka saba yi ta daina aiki a kan wasu shanun, kuma ba a san shanun wane yanki ba ne.

Wata Juma'a ta zo gidanmu a Zango da akwatin ƙanƙara da ƙananan kwalabe goma sha biyu.

"Kawu, kowace kwalba sa ɗaya. Ka tambayi dillali inda ya fito, ka rubuta a jiki."

Na ce, "Jini kike nema, Dokta? Mu da muke wanka da shi?"

Wanda bai san mayanka da safe ba, ba zai gane ba. Ana kayarwa, ana fiɗa, matan da ke sayar da waakye, wato shinkafa da wake, suna tsaye a kanka suna "Ei, Alhaji, yi sauri!" Ban tuna da akwatin ba sai da muka kayar da sa na ƙarshe. Na ce a raina, jini ai jini ne. Na cika kwalaben duka daga wuyansa. Sannan na zauna na rubuta musu garuruwa daga kaina: wannan Bawku, wannan Burkina, wannan Nijar.

Bayan mako uku ta dawo da murna, har da turare ta kawo mini. Ta ce ƙwayar cutar tana da wani rubutu na gado a jikinta wanda na'ura ke karantawa, kuma a duk kwalaben rubutun iri ɗaya ne, irin mai ƙin magani. Ke nan ta bazu ko'ina. Ranar Litinin za ta tsaya gaban manyanta ta faɗa.

Na karɓi turaren na ce Allah ya ƙara basira. Wannan shirun ya fi laifin farko muni, domin yanzu na san abin da nake yi. Yarinya za ta sa sunanta a kan ƙaryata.

Ranar Asabar na ajiye wuƙa. Na bar rumfa, na hau motar haya ta trotro zuwa Ayigya Zango inda take haya. Na same ta tana wanki. Ban ko zauna ba, na faɗa mata gaskiya duka.

Ta matse rigar da ke hannunta, ta ce, "Kawu, tun Laraba na sani. Sakamakon ya yi kyau fiye da kima, sai na koma na karanta rubutun shanun su kansu. Sa ɗaya ne. An haife shi a Bawku, an sake haifarsa a Burkina, an kuma haife shi a Nijar. Wannan sa ya sha yawo!"

Ta yi dariya, ni kuwa na kasa.

"Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Kai ne ƙanin mahaifiyata. Da wane baki zan ce ka yi ƙarya? Na yi ta addu'a ka zo da ƙafarka."

Na ɗauka shi ke nan, ba za ta sake yarda da ni ba. Sai ta shiga ɗaki ta fito da akwatin, da sababbin kwalabe.

Wata huɗu na yi ina bin dillalai da tambaya har suka laƙaba mini ɗan jarida. Abin da ta gano daga baya ya bambanta da na farko: ƙwayar mai ƙin maganin a shanun da ke shigowa ta hanya ɗaya kawai take. Likitocin dabbobi suka sauya allura a can. Har wani dillali ya ce mini shanu sun rage mutuwa a mota, bai san da hannuna a ciki ba, ta alheri da ta tsiya.

Turaren nan ban shafa shi ba sai ranar da na kai mata kwalba ta ƙarshe. Ta shinshina, ta ce, "Yau dai Kawu ba ya warin mayanka."