Abin da Na Gani a Ƙarƙashin Gashin Ango

Akwai wata Alhamis da har na koma ga Ubangijina ba na jin za ta fita daga raina. Ni mai aski ne, a Agege aka haife ni, shagona yana nan kusa da layin dogo, kuma yawancin masu zuwa wurina mahauta ne da 'yan tireda da fataken shanu na abbatuwa. Askinsu ba ya da wuya: ka sa inji ka kwashe, ka gyara gaban goshi, a sallami juna.

Ranar da hantsi wani saurayi ya shigo tare da yayansa. Na san su sama-sama, dillalan shanu ne. Mahaifiyarsu Shuwa ce, shi ya sa ƙanin yake da gashi mai laushi da tsawo, ya tara shi har ya sauko masa kafaɗa. Washegari bayan Juma'a za a ɗaura masa aure. Ya miƙo mini waya ya nuna mini wani tsohon hoto na mahaifinsu marigayi yana saurayi.

"Oga, irin wannan nake so," in ji shi. "Sak, kada ka rage komai."

Askin mutanen da ne da ya sake dawowa yayi: gashin hawa-hawa, sama gajere, gaba ya zubo kan goshi, gefe ya rufe kunne, baya ya sauka kan wuya, duk a barbaje kamar ba a taje ba. Inji ba ya yin wannan, sai almakashi da kum. Na jiƙa gashin da ruwa, na raba shi kashi-kashi, na fara daga tsakiyar kai. Ina ɗago kowane kashi tsakanin yatsuna biyu, in yanke shi a karkace don bakin kada ya fito a daidaice. Yayan yana zaune a benci yana ta amsa waya, ana maganar shinkafa da rumfa da baƙin da za su taso daga Ojo.

Tun da na fara na lura angon ba ya da walwala. Yana yawan lumshe ido, in na yi masa tambaya sai ya daɗe kafin ya amsa. Na ɗauka gajiyar biki ce. Sai da na zo bayan kunnensa na hagu, na ɗaga gashin don in fitar da hawa na ƙasa, sannan hannuna ya tsaya. Fatar wurin ta yi baƙi-baƙi kamar jini ya kwanta, sama da ita kuma akwai kumburi mai taushi. Wani ruwa fari yana ɗan tsatsowa daga cikin kunnen. Na taɓa wurin a hankali, ya zabura.

Na ce, "Me ya same ka a nan?"

Ya ce ba komai, jiya ne wani bijimi ya fizge igiya ya haɗa shi da bango. Ya ɗan faɗi, ya tashi, ya sha maganin ciwon kai.

Ni ba likita ba ne, ban san sunan abin da nake gani ba. Abin da na sani kawai, na taɓa kawuna masu yawa a rayuwata, ban taɓa jin irin wannan ba. Gabana yana faɗuwa, amma wata zuciyar tana ce mini ka ƙarasa aikinka ka yi shiru, kada ka zama wanda ya ɓata wa mutane biki. Na riƙe almakashin ina kallonsa a madubi. A nan na ga ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗayar buɗewa.

Na ajiye almakashin na ce wa yayan, "Malam, ba zan ci gaba ba. Ku kai shi asibiti yanzu."

Ya sauke wayar daga kunne ya dube ni. "Aski muka zo, ba duba ba. Ka bar masa kai rabi da rabi, gobe ɗaurin aure?"

Na ce ya zo ya gani da idonsa. Ya leƙa, ya ce ai ƙulu ne, wane mai harkar shanu ne bai taɓa yin irinsa ba. Murya ta fara tashi, mutanen da ke jiran layi suka sa baki, wasu suna ba ni haƙuri in ƙarasa. Kunya ta kama ni sosai, amma na kasa sake ɗaukar almakashin. Angon ya fizge ƙyallen da na ɗaura masa a wuya, ya ce, "Yaya, tashi mu je Ogba, masu aski ba su ƙare ba."

Ya miƙe. Bai kai bakin ƙofa ba amai ya ƙwace masa, ƙafafunsa suka lanƙwashe. Da ban taro shi ba da kansa ya bugi dakali.

Muka tare keke Napep, muka sa shi a tsakiya. Yayan da ke yi mini faɗa yanzun nan ya rungume shi yana kiran sunansa. Muna isa mararrabar layin dogo muka tarar da cunkoso, motocin haya na danfo sun toshe ko'ina. Na roƙi mai keken da Yarbanci, ya waiwayo ya kalli fuskar yaron sau ɗaya, ya karya kan keken ya shiga lungunan cikin kasuwa yana ta oda. Ni kuwa ina ta jan angon da magana don kada ya yi barci, ina tambayarsa amarya 'yar wace unguwa ce. Da farko yana amsawa da ƙyar, daga baya ya daina. Wannan shirun ne har yau nake ji a kunnena.

A asibiti suka karɓe shi da gudu. Muka zauna a baranda, ni da yayan, guntayen gashin yaron na manne a rigata. Can bayan la'asar likita ya fito ya ce ƙashin kan ya tsage, jini ya taru a ciki, sun yi masa aiki. Ya ce da ya ƙara kwana da shi a gida, da wuya a ga safiyarsa. Yayan ya sunkuyar da kai, sannan ya kamo hannuna ya riƙe.

Yaron ya tashi, sai dai kunnen hagun bai ƙara ji ba. An ɗaga auren sai bayan Babbar Sallah. Yanzu yana da 'ya'ya, in ya wuce ta gaban shagona yakan juyo mini kunnen dama mu gaisa.

Abin da na koya shi ne, in ka ga abin da ya tsorata ka a jikin mutum, ka faɗa, ko da ba aikinka ba ne, ko da za a ji haushinka. Fushin mutum yana wucewa, za ku shirya in yana raye.