Notin Da Bai Zauna Ba

Baffana yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara wadda ta girme ni. Da ita yake ɗauko kayan gona daga ƙauyukan Gwaram zuwa Birnin Kudu, inda muke zaune. A gidansa na tashi tun bayan rasuwar mahaifina, kuma shi ya tura ni kwalejin fasaha karatun injiniya. Ni ba mai yawan magana ba ne. Ko a gida, in aka yi baƙi, ɗaki nake shigewa da littafi har su tafi. Amma tun da na shiga kwalejin, Baffa ya daina kirana da sunana, sai Injiniya, kuma ya fi son ya faɗa da ƙarfi in akwai mutane a wurin.

Motar ba ta san hannun kowa ba sai na wani dattijon bakanike da ke gefen tasha, ƙarƙashin wata darbejiya. Shi da Baffa sun daɗe tare, tun suna samari. Mu Baba muke ce masa. Bai yi boko ba, amma in mota ta taho daga nesa, da jin kukanta zai faɗi abin da ke damunta. Yawancin direbobin tashar wurinsa suke kai gyara, saboda an san in ya ɗaure abu ya ɗauru. Ba shi da shago, ba shi da allon talla. Wannan shaidar da ake yi masa ita ce duk jarinsa.

A hutun shekarata ta biyu, daidai lokacin kaka, Baffa ya dawo daga Kano da magana. Rim ɗin motarsa na ƙarfe, wato abin da taya ke zama a kai, duk sun lanƙwashe saboda ramuka, kullum yana wurin mai faci. Ya ce ya ga wasu guda huɗu na alminiyam, an ciro su daga irin motarsa amma sabon yayi.

"Suna ta ƙyalli kamar farantin amarya," in ji shi. "Injiniya, za su shiga ko ba za su shiga ba?"

Na ce sai na auna. Na kwance ƙafa ɗaya ta motar, na ƙirga ƙusoshin da rim ke shiga, shida ne. Na auna tazarar da ke tsakaninsu, na auna faɗin ramin tsakiya, na rubuta. Muka je Kano tare, na tsuguna gaban mai kayan na maimaita awon sau uku. Komai ya yi daidai. Na ce wa Baffa za su shiga, ya saye su. Kafin mu iso gida ya kira mutum biyar a waya ya gaya musu ɗansa ya auna da ƙarfen awon makaranta.

Da hantsin ranar da za a ɗaura, ina goge rim ɗin a ƙofar gida, na sa yatsa cikin ramin ƙusa ɗaya. Bakinsa a shafe yake, ba gangare. Na je na duba na tsohon rim, shi kuwa bakinsa kamar mazurari. Notunan motarmu masu tsinin baki ne, an yi su don su zauna cikin wannan mazurarin. Sabon rim yana bukatar nasa notin, mai shafaffen baki da zoben ƙarfe a ƙarƙashinsa. An koya mana wannan a aji. In aka ɗaure shi da tsohon noti, gefen bakin kawai zai taɓa, alminiyam kuwa taushi gare shi, a hankali notin zai ci wurin ya saki. Na auna komai, ban duba noti ba, mai kayan kuma bai ba mu nasu ba.

Na yi niyyar faɗa wa Baffa a hanya. Amma daga gida har tasha yana ta lissafa mini ƙauyukan da ya yi wa alkawarin ɗaukar riɗi washegari, ban sami inda zan sa baki ba. Ko kuwa dai ban nema ba.

Mun tarar da direbobi sun taru, don labari ya riga mu. Ɗaya ya shafa rim ɗin ya ce, "Alhaji, tsohuwa za a yi wa lalle?" Aka kwashe da dariya. Baba ya ɗaga motar da jak, ya zura rim na farko, ya shige sumul. Ya ɗauki noti ya murɗa da hannu, ya kwance, ya juya shi yana kallo, ya sake murɗawa.

"Alhaji, notin nan bai zauna mini ba."

"Kamar yaya bai zauna ba? Ga shi ya shiga."

"Shiga daban, zama daban. Ni dai hannuna bai yarda da shi ba."

"Mutumina, kai dai ba ka son sabon abu," in ji Baffa yana dariya. "Yaron nan sau uku ya auna a gabana. Ba da hannu ya auna ba, da ƙarfen makaranta. Injiniya, gaya masa."

Kowa ya juyo. Baba ma ya ɗago, da notin a tafin hannunsa, ya tambaye ni a hankali, ba da gatse ba, "Ɗana, a karatunku haka yake?"

Na ga fuskar Baffa cike da alfahari. Na ga direbobin suna jira. In na ce akwai gyara, sai an koma Kano, riɗin gobe ya sha ruwa, kuma duk wanda Baffa ya kira a waya zai ji cewa awon bai cika ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Awon dai ya yi daidai, Baba."

Ban yi ƙarya ba. Na zaɓi gaskiyar da za ta fitar da ni ne kawai.

Baba ya ce to. Ya ɗaure notunan ashirin da huɗu, ya ƙara wa sifana bututu ya hau da ƙafa ya danna kowanne. Ya ce wa Baffa ya riƙa dawowa ana dubawa. Baffa ya ce in ya sami sarari.

Kwana tara motar tana aiki. Kullum da safe nakan zagaya ta in taɓa notunan da yatsa, kamar yatsa zai gaya mini wani abu. Sifana tana nan bayan kujera, amma ɗaukarta a gaban Baffa zai jawo tambaya. A rana ta goma, wajen la'asar, aka kira gida aka ce ƙafar baya ta hagu ta fice a tsakanin Basirka da Gwaram, da lodin riɗi a kai.

Na hau acaɓa na je. Allah ya taƙaita, hanyar ba kyau, don haka Baffa ba gudu yake ba. Motar ta durƙusa gefe guda, shi ya gurɗe a wuyan hannu. Buhuna da yawa sun zubo sun fashe. Manoman da ke da kayan sun tsuguna da matansu suna ƙoƙarin tsince riɗi daga cikin yashi, abin da ba ya tsintuwa. Wata tsohuwa tana ta sheƙewa da faifai. Na gangara cikin wata gonar dawa inda ƙafar ta tsaya. Ramukan rim ɗin shida duk sun zama kamar ƙwai, da garin alminiyam a bakinsu. Daidai yadda aka zana mana a allo.

Washegari Baffa ya tafi tasha da hannu a ɗaure, ya ce in biyo shi. Bai ko yi sallama ba.

"Shekara nawa ina kawo maka mota? Kashe ni ka so yi? Ka tsufa ka ce ka tsufa, a nemi wani. Noti ma ka kasa ɗaurewa!"

Baba yana zaune kan benci. Ya ce, "Alhaji, na ɗaure."

"Ka ɗaure ta fice? Kaya lafiyayyu, an auna an tabbatar!"

Baba ya dube ni sau ɗaya. Bai tuna wa kowa abin da ya faɗa ranar ba, ko da yake rabin waɗanda ke tsaye sun ji shi. Ya mayar da idonsa ƙasa ya ce Allah ya kiyaye gaba. Ni kuwa ina tsaye bayan Baffa, ina kallon takalmina.

Aka mayar da tsofaffin rim a wani gareji. Hutu ya ƙare, na koma makaranta. Da na dawo bayan wata biyu, na bi ta tasha. Ƙarƙashin darbejiyar babu mota ko ɗaya, sai wani injin ban-ruwa da Baba ke kwancewa. Ina tsaye wani direba ya wuce ya ɗaga murya, "Baba, yau ƙafar wa za a saki?" Baba bai ɗago ba.

Na gaishe shi, ya matsa mini a benci. Na zauna na ce, "Baba, notin nan, ka yi gaskiya. Kuma na sani tun ranar."

"Na san ka sani," ya ce, yana goge wani ƙarfe da tsumma. "Na gani a fuskarka."

"Me ya sa ba ka faɗa ba da Baffa ya zo?"

"In ce me? In tsinka ka a gaban uban da ya riƙe ka? Ni ma da laifina, hannuna ya ƙi abu na ɗaura." Ya hura ƙarfen. "Yaya karatu?"

Da yamma na sami Baffa a zaure shi kaɗai bayan sallar la'asar. Na zauna ƙasa na faɗa masa komai, tun daga yatsan da na sa a ramin. Ban tsallake komai ba. 

"Wa ka gaya wa?"

"Baba kawai."

"To ya tsaya nan." Ya gyara hularsa. "Na tsaya a tsakiyar tasha na zagi mutum. Yanzu in koma in ce ɗana ne? Kai kuma da za ka fito neman aiki a garin nan, wa zai ba ka ko keke ka taɓa?"

Na ce, "Amma Baffa, mutane sun guje shi."

"Zan mayar masa da motar. In suka ga tawa a wurinsa za su dawo."

Ya cika alkawari. Ranar Asabar ya ce in kai wa Baba ita juyen mai. Na ajiye ta ƙarƙashin darbejiyar, Baba ya buɗe gaba ya fara aiki kamar jiya aka rabu. Direbobi uku suna shan shayi a gefe. Ɗaya ya ce, "Kai, Alhaji akwai haƙuri. Ni mutum ya saki mini ƙafa, ko gaisuwa mun gama." Sauran suka gyaɗa kai.

Tsakanina da su bai fi taku biyar ba. Baba ya miƙo hannu daga ƙarƙashin motar ya ce in ba shi sifana mai lamba goma sha bakwai. Na ɗauko na ba shi.