Hannun da Bai Kai Kunne Ba

"Ki lanƙwashe gwiwar hannu," Kaka ta ce, tana matse mani kafaɗa. "In ya ce kama kunne, kada ki kai. Kin ji ni ko?"

Muna layi ne gindin gawon ƙofar mai gari. Ana tsakiyar yankan hatsi, gari duk ƙamshin tumu. Wani mushe, malamin boko ke nan, ya zo daga Mayahi ɗaukar yara lakwal, wato makaranta. Ku na yanzu ba ku san wannan ba. Lokacin ba mai takardar haihuwa. Sai ka ɗora hannun dama bisa kai, ka kamo kunnen hagu. In ya kai, ka yi bakwai, a rubuta ka. In bai kai ba, ka koma gida.

Nawa yana kaiwa. Na sani, don kwana ukku ina gwadawa bayan rumbu. Na taɓa ganin ɗan baƙin allon da ake ba ƴan lakwal da alli fari ƙal, tun ran nan raina ya biya.

Ɗiyar kawuna ce gabana. Ta kama kunne har da ja, aka rubuta ta. Da aka zo kaina sai na ji idon Kaka a ƙeyata. Na lanƙwashe. Tsakanin yatsana da kunne bai hi ƙwayar gujiya ba.

"Miƙe da kyau, ƴammata," in ji mushe.

"Ina za ta kai, mushe?" Kaka ta ce. "Jiya-jiya aka yaye ta. Tsawon banza ne irin na ubanta."

Mutane suka bushe da dariya, har shi Baban nawa. Mushe ya ce to, sai wani zuwa.

Ana ce mani ba mugunta ba ce. Ganin Kaka ya soma raguwa, ni ke sa mata zare a allura, ni ke tsince mata wake. A hanyar gida ta ba ni tumu mai zahi, ta ce baɗi da kanta za ta kai ni. Wane baɗi! Aji guda ne na zana, mushe guda. Ba a ɗaukar sababbi sai waɗancan sun yi gaba. Shekara ukku aka yi.

Da mushe ya dawo, Kaka ta rasu tun damana. Ni na fara tsayawa gindin gawo. Bai ma ce in ɗaga hannu ba. Baki ya ce in buɗe, ya dubi haƙorana kamar mai sayen akuya.

"Ke ai kin wuce. Mi ya tsai da ki?"

Da, na yi ƙarama. Yanzu na yi girma. Ranar da na yi daidai, ƙarya aka sa ni.

Ɗiyar kawun nan nawa ta ƙare har ta yi aikin likita a Tasawa. Ni kuwa duk wasiƙar da mai gidana ya aiko daga cirani, wurinta nake kaiwa. Ita ke fara sanin sirrina, kana ni. Wani lokaci sai ta yi murmushi kahin ta karanta.

Yau jikana na Katsina shekara ukku aka sa shi makaranta, jakarsa ta hi shi girma, bai bar hitsarin wando ba. Can wai firamare shidda, sai ukku, sai ukku. Nan Tasawa ƙanwar babansa ta kai tata ɗiyar jardan, ajin ƙananan yara, tana da huɗu, gabanta akwai shidda, kolej huɗu, lise ukku. Na ji an ce ƙasar Turawa in ka ɓoye yaro ma hukuma za ta biyo ka. Ina hukumar take ranar gindin gawo?

Sai da furfura ta gama cin kaina aka buɗe ajin manya a unguwarmu. Na tahi da tabarmata. Malamar sa'ar jikata ce, tana riƙe da kayye tana rubuta sunaye.

"Iya, shekarunki nawa?"

Na aje sanda. Na ɗora hannu bisa kallabi, kafaɗar tana ƙara, na kamo kunnen nan na ja shi har ya yi zahi. Matan suka yi ta dariya. Ni ban yi ba.

"Rubuta," na ce mata. "Na isa."