Katin Asibitin Umma

Shekarar da ciwon kai ya matsa wa Umma, ni na zama ɗan rakiya, don a gidanmu na Fagge ni kaɗai ne ba ni da shago a kasuwar Kwari. Likita ya nemi tsohon hoton CT da aka yi mata bara. Na jawo ambulan mai sunanta daga ƙasan durowa na kai masa. Ya ga wani ƙullutu a bayan kunnen hagu, ya ce a yi MRI, a ɗora hotunan biyu kan juna kafin a yi maganar tiyata. Umma ta ji kalmar tiyata, ta daina cin abinci.

Muka hau adaidaita zuwa wani wurin ɗaukar hoto a Sabon Gari. Mai aikin wata 'yar ƙabilar Ibo ce, haifaffiyar unguwar, Hausarta ta fi tawa tsabta. Ta yi mini bayani cewa CT ƙashi ya fi nunawa, MRI kuma ƙwaƙwalwa. Suna da manhaja da aka horar da ita da hotunan kawunan mutane masu yawa, ita ke juya hoto ɗaya har ya zauna daidai kan ɗayan, kamar yadda tela ke haɗa zanen atamfa a wurin ɗinki.

Hotunan Umma suka ƙi zama. In goshi ya haɗu, ƙeya ta goce. Sau uku tana gwadawa. Ni kuwa raina ya ɓaci, na shiga faɗa cewa an kawo mana na'urar da ba ta san kan Bahaushe ba. Matar ta koma kan CT ɗin, ta sauka wajen muƙamuƙi, inda wani haske ya tartsatsa.

Ta leƙa inda Umma ke zaune ta ce, "Mama, kina da haƙorin Makka?"

Umma ta ce Allah bai kira ta ba tukuna.

Nan na gane, don na san mai haƙorin. Inna ce, ƙanwar Umma, da muke gida ɗaya. Kati ɗaya suke zuwa asibiti da shi tun ina yaro, kamar yadda suke aron mayafin juna, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifin hakan. Umma ta tuna cewa bara Inna ma ta yi hoton kai da katin. Da ciwon ya lafa sai ta jefa ambulan a durowa, ba ta koma wurin likita ba.

Matar ta sake bin MRI ɗin Umma a hankali. Ta ce hukunci na likita ne, amma ita ba ta ga komai a bayan kunne ba. Na ba ta haƙuri, kunya ta ishe ni. Ta ce kada mu kwana biyu ba mu kai mai kan da ke cikin CT ɗin asibiti ba, kuma a yanka mata katinta.

Na zaci Umma za ta yi murna, ni dai na yi, ba zan ɓoye ba. Ita kuwa ba ta yi ba. Muna shiga gida muka tarar da Inna ta dama mata kunun tsamiya, tana tambaya me hoto ya nuna. Umma ta karɓi kofin ta ajiye, ta ce mata, "Zauna, ke za ki sha."